Kiɗan Ƙuruciya da Kaset ɗin da Ke Ƙasan Adaka

(Kiɗan buɗe shiri)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Farin Dutse da Gwaram, da Sara da Basirka, da Kila da Fagam, har zuwa Birnin Kudu da Babaldu, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a ƙasar Bauchi waɗanda muryarmu ke kaiwa gare su. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, direbobi da ke kan hanya, masu shayi da suka kafa rediyo a gefen tebur, sannunku da aiki.

Yau maganar kiɗa za mu yi, amma ba wanda ake yayi ba. Kiɗan da mutum ya so yana saurayi, ko tana budurwa, sai aure ya zo, 'ya'ya suka zo, neman abinci ya ɗauke hankali, aka manta da shi. Sai rana tsaka a cikin motar haya, ko a bakin rumfar mai cajin waya, mutum ya ji shi ya tashi, ya tsaya cak.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Maganar tana da gaskiyarta, amma ban yarda ta hau kan wannan ba. Akwai wanda bana ta yi masa kyau, rumbu cike, iyali lafiya, amma da zarar ya ji gurmin Haruna Uji na Haɗeja sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Akwai hajiyar da jikoki suka kewaye ta, ba ta rasa komai ba, amma in aka sa Barmani Coge sai ka ga kafaɗarta ta fara motsi tun kafin ta ankara. Waɗannan ba ƙuncin yau ne ya kore su zuwa jiya ba. Wani yanki ne na rayuwarsu ya dawo ya yi musu sallama.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. In aka tambayi dattijo abin da ya fi tunawa, yawancin abin da zai kawo daga tsakanin shekara goma ne zuwa talatin na rayuwarsa. A wannan tsakanin ne mutum ke fara sanin kansa, ya fara abota, ya fara zance, ya fara fita daga garinsu. Kiɗan da ya raka shi a wannan lokacin yakan shiga tare da komai, har da ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko da fuskar abokin da ya riga mu gidan gaskiya. Masu kula da tsofaffin da ciwon mantuwa ya kama ma suna ganin haka: tsoho ya kasa kawo sunan ɗan cikinsa, amma a sa masa waƙar samartakarsa ya bi ta.

Ni gwanina Bala Miller ne. Na san matasa da yawa da ke saurarona yanzu za su ce, wane ne kuma haka? To ku matso.

An haifi Bala Miller a Pankshin a 1928, amma asalin gidansu Zariya ne. Ya yi karatu a Legas, ya goge a cikin makaɗan zamani na can, ya yi aiki tare da irin su Victor Olaiya. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Ku tuna, a lokacin mu ma 'yan jihar Kano ne, don sai a watan Agustan 1991 aka yanke Jigawa. A 1977, shekarar da aka yi gagarumin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas, ya haɗa ƙungiyarsa ta kiɗa, wadda ya sa wa suna Pyramids. A cikin shekarun 1980 yana da shirinsa na kansa a talabijin na ƙasa, NTA. Ya rasu a 2003.

Abin da ya sa ya fita daban shi ne wannan. A wancan zamanin in ka murɗa rediyo, ko Kaduna ko Kano, kalangun Mamman Shata za ka ji, ko kotson Musa Ɗanƙwairo yana wasa sarakuna, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko kukumar Garba Supa da Hassan Wayam. Manya ne, ba a ja da su. Sai ga wani mutum ya zo da jita, da gangunan Turawa, da ƙahonnin busa irin na 'yan badujala, ya tara mutane sun fi goma a kan dandamali, kuma da ya buɗe baki Hausa ce ke fita. Iyayenmu ba su ɗauke shi da wani nauyi ba. Kiɗan 'yan boko suke ce masa. Mu kuwa 'yan makarantar kwana, abin da ya ja mu ke nan: kayan kiɗan na duniya ne, harshen namu ne, kuma ba mu gaje shi a wurin kowa ba, mu muka tsinto abinmu. Talabijin ba ta wadata a ƙauyukanmu ba, sai in an je hutu birni gidan wani kawu a zauna a tabarma a zuba ido. Wanda ya gani ya dawo ya ba sauran labari, har da kwaikwayon yadda masu busa ke ɗaga ƙahonninsu a tare.

Daga baya na manta da shi kaf. Wanda ya dawo mini da shi ɗan yayata ne, yaron da aka haifa bayan rasuwar mawaƙin. Ya turo mini saƙo ta WhatsApp, ya ce, "Kawu, don Allah ka san wannan? Hausa yake yi, amma kiɗan ba irin namu ba ne." Na danna. Waƙar "Ikon Allah" ce.

Na saurare ta a zaure bayan sallar isha'i, wayar a kan gwiwata. Abin da ya ba ni mamaki ba tunawar ba ce, abin da na ji ne wanda da ban taɓa ji ba. Muna yara murya kawai muke bi da inda za a taka rawa. Yanzu sai na ji babbar jitar nan mai kauri tana tafiya a ƙasa, ba ta gaggawa, ita ke riƙe da kowa. Na ji masu busa suna jira, ba sa shiga sai an bar musu ƙofa, su faɗi tasu su koma, daidai yadda 'yan amshin Shata ke yi. Ashe mutumin bai bar tsarin gida ba, kayan aikin kawai ya sauya. Mutane ne da yawa, kowa da abin da ke hannunsa, kowa kunnensa na kan ɗan uwansa. Wannan ba ya samuwa sai da horo na wata da watanni.

Na tambayi yaron inda ya samo ta. Ya ce a YouTube. Da muka bi sawu, sai ga shi wani kamfanin faifai na Landan mai suna Strut ne ya sa waƙar a cikin tarin tsofaffin kiɗe-kiɗen Najeriya da ya fitar a 2001, a jerin da ya kira Nigeria 70. Wato waƙar ta bar Arewa, ta je Ingila, matasan Turai sun ji sun yaba, sannan ta zagayo ta sami jikan mutanen Gwaram a cikin wayarsa. Na ji daɗi da ta dawo. Amma raina ya sosu da hanyar da ta bi.

Ba ita kaɗai ba ce. A Jamhuriyar Nijar akwai Mamman Sani, mai kaɗa molon lantarki irin na fiyano, wanda ya naɗi kaset a 1978. Shekara da shekaru gidajen rediyo da talabijin na can suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane sun haddace shi ba tare da sun san mai shi ba. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya nemo mutumin, aka sake fitar da aikin a 2013. Mamman Sani ya shiga Turai yana wasa bayan furfura ta cika masa kai. Da wannan kaset ya ruɓe kafin a kai gare shi, da shi ke nan.

Me ya kashe ƙungiyoyi irin ta Bala Miller a wurinmu? Kuɗi ne kan gaba. Riƙe mutum goma sha, da kayan kiɗa da ake sayowa daga waje, da motar da za ta kwashe su, ba ƙaramin nauyi ba ne. Ga masu kwafar kaset, a sayi ɗaya a buga ɗaruruwa, mai waƙa bai ga ko sisi ba. Sannan a ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ta shigo ɗakunan naɗar waƙa na Kano, yaro ɗaya da yatsunsa goma ya yi aikin taron jama'a. Sa'adu Bori na Maraɗi ya riƙe wuta a wancan lokacin, kaset ɗinsa ya zagaye Arewa, amma guguwar ta riga ta juya. Ba ina kushe 'yan fiyano ba ne, ƙannena. A cikinku akwai masu basira ta gaske, kuma kowane zamani da kayan aikinsa. Abin da nake cewa shi ne, wanda bai taɓa jin abin da aka yi kafin shi ba, zai daɗe yana wahalar neman abin da aka riga aka samo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in an koma ga tsohon kiɗa, a koma da hankalin yau. Ba duk abin da muka so muna yara ne zai ci jarrabawa ba. Za ka tarar da waƙar da ka haddace ashe zambo ce da ta tozarta wani bawan Allah, ko batsa ce da ba za ka so 'yarka ta ji ba, ko yabon wani mai hali ne da tarihi ya nuna bai cancanta ba. Wannan a gane shi, a kira shi da sunansa. Wata kuma sai yanzu za ta yi maka magana. Waƙar Ɗanmaraya ta karen mota, muna yara abin dariya ce a wurinmu. Wanda ya yi shekaru yana fafutukar ciyar da gida, in ya sake jin ta, tausayin talaka mai neman na kansa zai ji a ciki.

Na kuma san a cikin masu saurarona akwai waɗanda suka bar jin kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama wannan, ba kuma na zo in yi jayayya da kowa ba ne. Roƙona ɗaya ne: kafin a kwashe jakar kaset ɗin marigayi a zuba a bola ko a cinna mata wuta, a duba abin da ke ciki. Ba kiɗa kaɗai iyayenmu suka naɗa ba. Akwai tafsirin malaman garinmu na watan azumi. Akwai karatun yaro ranar saukarsa. Akwai wasiƙar baki, wadda ɗan uwa da ke Makka ko Legas ko Kurmi zai zauna gaban rikoda ya gaida kowa da sunansa, ya ba mai zuwa gida ya kawo, a taru a tsakar gida a saurara. A gidaje da yawa, wannan zaren ne kaɗai wurin da muryar kaka ta rage a duniya.

Kuma zaren nan ba ya jiran kowa. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma ba a yi shi don ya shekara hamsin a ɗakin kwano ba. Siririyar leda ce aka shafa mata garin ƙarfe, sautin yana zaune ne a cikin yadda maganaɗisu ya jera wannan garin. Zafin bazara yana sa ledar ta saki ta miƙe, murya ta koma ja. Danshin damina yana kawo fumfuna, zaren ya manne da juna. Ƙurar hunturu tana kankare shi. In kuma aka ajiye shi a kan lasifika, maganaɗisun da ke cikinta yana iya raunana sautin a hankali ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Don haka in kin buɗe adaka, Hajiya, kin ga kaset, kada a yi saurin cusa shi a tsohuwar rikodar da ta shekara goma ba ta juya ba. Nan take za ta cinye zaren. A fara ɗaga shi a haske a leƙa ta ɗan gilashin tsakiya. In an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, a ware shi daga sauran. In lafiya yake, a sa biro mai kusurwa a ramin, a juya a hankali, a ji ko yana tafiya ba tare da tirjiya ba. A duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren a bakin kaset, don in ya faɗi sauti ba zai fita da kyau ba, kuma ana iya ciro na wani kaset marar amfani a manna. A saman kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba. A ɓalle su. Muddin an ɓalle, ko yaro ya danna jan maɓalli bisa kuskure, rikoda ba za ta naɗi wani abu a kai ba. Ita kuma rikodar a kai wa mai gyaran rediyo ya sauya mata robar da ke juya ta, ya goge bakin da zaren ke bi da auduga da sifirit. A fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Zaren da ya tsinke ma ba a yar da shi, masu gyara sun san yadda ake haɗa bakinsa.

In ya yi magana, a kwafe shi a wannan zaman, kada a ce sai gobe. Wanda ke da wayar haɗi zuwa kwamfuta, ita ta fi. Wanda ba shi da ita, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya ajiye waya kusa da lasifika ya naɗa. Sannan a tura wa 'yan uwa biyu ko uku, don memori ma yana mutuwa, waya kuma tana ɓata ko a sace.

Sai babban abin da ya fi damuna, wato suna. Je ka rumfar masu tura waƙa ranar kasuwar Sara, ka miƙa memori ka ce a cika maka da tsofaffin waƙoƙi. Yaron zai cika maka, kuɗin ma ba yawa. Amma buɗe ka gani: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa, balle wanda aka yi wa ita. Inda aka sa suna kuma, duk muryar da ta tsufa sai a ce Shata ne. Ba laifin yaron ba ne, haka shi ma ya karɓa. Kaset ko ba komai yana da takarda a bayansa, da hoton mai waƙa, wani lokaci da rubutun hannun mai shi. Ƙannena masu wannan sana'a, ku ne ma'ajiyar kiɗan Hausa a yau, ko kun sani ko ba ku sani ba. In dattijo ya tsaya a rumfarku ya ce wannan ai Sani Sabulu ne, wannan Ali Makaho ne, wannan Uwaliya Mai Amada ce, ku ɗauki minti ɗaya ku gyara sunan. Duk wanda ya karɓa daga hannunku bayan nan, da sunan zai tafi.

Manyan mawaƙa sun sami masu yi musu hidima. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa a littafi guda mai kauri. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Allah ya saka musu. Amma wa zai rubuta mai gangar noman da ya yi wa iyayenmu kiɗan gayya a gonakin Farin Dutse? Wa ya san sunan makaɗin 'yan mata na dandalin Kila, ko mai kalangun mahautan Gwaram, ko zabiyar da ba a kai amarya a unguwarku sai da ita? Waɗannan ba su shiga rediyo ba. Wasunsu wani ya taɓa ajiye musu rikoda a wurin biki, kaset ɗin yana nan a wani gida. Wasu kuwa sai a bakin tsofaffin da suka yi rawarsu.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalilin da ya kamata mu fi kowa kula. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da magabata suka yi tun zamani mai nisa, kuma kusa da su akwai duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse suke amsawa da ƙara mai zaƙi. Gurbin bugun yana nan ya lotsa a jikinsu saboda yawan hannun da ya bi ta kai. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. A 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo ya gani ya rubuta, daga nan masana na duniya suka fara neman irinsu a wasu ƙasashe. Yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Dutsen yana nan, in ka buga zai amsa. Abin da dutse ba ya riƙewa shi ne waƙar da ake yi a kansa, da wanda ke yin ta, da ranar da ake yin ta. Wannan sai wanda ya zauna da tsofaffi ya tambaya.

Saboda haka ga aikin da nake ba 'yan makaranta da ke saurare, na sakandare da na gaba da ita. A wannan makon ka sami kakarka ko kakanka bayan cin tuwon dare, ka ce, "Kaka, wace waƙa kuka yi yayi kuna 'yan mata? Wa ke kaɗa muku? Ɗan wane gari ne?" In ta yarda, ka kunna waya ka naɗa. Ka fara da faɗin sunan garin da ranar, sannan ka yi shiru ka bar ta. In ta ce ta manta, kada ka matsa, ka ambaci sunan wata ƙawarta ta ƙuruciya, za ka ga abin da zai biyo baya.

Wanda ya samo sunan wani makaɗi na ƙasar Gwaram ko Birnin Kudu da ba a taɓa jin sa a rediyo ba, ko yake da kaset ɗinsa a gida, ya aiko mana da saƙo nan tashar, ya faɗi garin da irin kayan kiɗan. Za mu karanta sunayen a shiri na gaba, waɗanda aka yarda mu sa kuma mu sa su kowa ya ji.